Sakan 8 da suka danne kofuna biyu

Jama'a, duk shekara idan Yuli ya zo aka fara gasar tseren keke ta Tour de France, Faransawa sai sun tayar da tsohon miki: rabon da namiji Bafaranshe ya ci gasar tun 1985, lokacin Bernard Hinault. Ni kuwa wanda ke faɗo mini a rai shi ne Laurent Fignon.

Ɗan Paris ne, an haife shi a 1960. Da tabarau yake tsere, har aka laƙaba masa Farfesa. A 1983 ciwon gwiwa ya hana Hinault, jagoran ƙungiyarsu ta Renault, shiga gasar. Fignon, yaro ɗan shekara 22, karonsa na farko ke nan, ya lashe. Masu cewa sa'a ce suka sha mamaki a 1984: Hinault ya dawo a wata ƙungiyar, Fignon ya ba shi ratar fiye da minti 10.

Daga nan rauni ya kwantar da shi. Sai 1989 ya dawo da ƙarfinsa, ya ci Giro ta Italiya, ya nufo Tour.

Ku duba fa. Sati uku ana tsere, sama da kilomita 3,000. Ranar ƙarshe Fignon na gaban Greg LeMond na Amurka da sakan 50, saura kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris, kowa ya yi gudunsa shi kaɗai agogo na ƙirgawa. Kusan kowa ya ɗauka magana ta ƙare. LeMond, wanda shekara biyu kafin nan aka harbe shi bisa kuskure a wurin farauta, ya fito da hular kwano mai tsaga iska, ya ɗaura wa kan kekensa wasu ƙarafa da ke haɗe hannuwa a gaba. Fignon ya fito kai ba hula, gashi ɗaure a ƙeya, ga ƙurji a mazauni da ke hana shi zama daidai a sirdi. LeMond ya fi shi da sakan 58. A jimla, sakan 8 suka raba su. Har yau ba a yi ratar da ta kai wannan ƙanƙanta a gasar ba.

Na kalli bidiyon ya fi sau goma. Wallahi inda ya sulale daga keken ya zauna a ƙasa, ba na iya kallo har ƙarshe.

Ba na wanke shi: da bakinsa ya amsa cewa ya sha ƙwayoyin ƙara kuzari. Abin da ke min ciwo shi ne mutum ya ci Tour sau biyu, Milan-San Remo sau biyu, Giro sau ɗaya, amma ka ambaci sunansa a ce ai wanda ya faɗi da sakan 8 ne.

Ya bar tsere a 1993. A Yulin 2010 yana sharhin gasar a talabijin, murya ta dusashe saboda ciwon daji. Ya rasu ranar 31 ga Agusta, yana da shekara 50.