Ƙyallen da ya kori kurkunu

 A wannan makon shirinmu ya waiwayi tarihin ruwan sama da muke tarawa muna sha, da ɗan ƙyallen da ya raba miliyoyin mutane da wata tsohuwar cuta.

Ku tambayi duk dattijon da ke kusa da ku mene ne kurkunu. Wataƙila kafin ya buɗe baki ya ɗage wando ya nuna muku tabo a idon sawu. A ƙasashenmu na Sahel, ruwan damina yakan kwanta a tafki da kududdufi, mutum ya sha, dabba ta sha. A cikin ruwan akwai wasu ƙananan ƙwari, da ƙyar ido yake ganinsu, su ne ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu. In mutum ya haɗiye su, ba zai ji komai ba sai bayan kamar shekara guda. Sannan ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, tsutsa fara mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta fara leƙowa. Don ya ji sanyi, sai mai ciwon ya tsoma ƙafar a tafki, ita kuwa tsutsar ta zuba 'ya'yanta a ruwan. Shi ke nan, an shuka ciwon baɗi.

Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Sai dai a riƙa naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, makonni ana fama. Abin takaicin, a wajenmu da damina yake fitowa, daidai lokacin noma. Shi ya sa Dogon na ƙasar Mali suke kiransa ciwon da ke barin rumbu wayam. Makiyayin da ƙafa ta kwantar kuwa, wa zai bi masa shanu?

A 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shiga yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Da Nijeriya ta yi ƙidayar ƙauye-ƙauye a 1988 zuwa 1989, sai aka sami fiye da mutum 650,000. Gana ta ƙirga kusan 180,000 a 1989.

To, da me aka yi yaƙin? An haƙa rijiyoyin burtsatse, an zuba magani a tafkuna, amma babban makamin ƙyalle ne mai ƙananan ido, wanda ake ɗaurawa a bakin randa a tace ruwa. Ruwa ya wuce, ƙwarin su maƙale. Kowane ƙauye aka zaɓi ɗan gari ya riƙa zagayawa yana duba ƙyallayen, yana hana mai ciwo shiga tafki. Janar Yakubu Gowon da kansa ya bi ƙauyukan Nijeriya yana roƙon mutane su tace ruwa.

Amma mai tafiya fa? Makiyayi ba ya yawo da randa. Don haka aka fito da ɗan bututun roba mai raga a gindinsa, a rataya shi a wuya kamar laya, in ƙishi ya zo a zuƙi ruwa ta cikinsa. A 2001 an raba miliyoyinsa a Sudan, ƙasar da tun a 1995 masu yaƙi suka ajiye bindiga na wasu watanni don ma'aikatan kurkunu su shiga ƙauyuka.

Nijeriya da Nijar duk sun ga mai ciwonsu na ƙarshe a 2008, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su shaidar rabuwa da cutar a 2013. Gana ta samu tata a 2015. A 2022 mutum 13 kacal aka samu a duk duniya. Sai dai kar mu saki jiki. A Chadi an yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, sai ga shi ya sake ɓullowa a 2010, daga baya aka gan shi a jikin karnuka a bakin kogin Shari, inda suke cin kayan cikin kifi. Ya ma tsallaka zuwa ƙauyukan Kamaru na bakin iyaka. Tsutsa ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Yanzu ga inda ya kamata mu fahimci juna. Ƙyalle yana tare ƙwarin kurkunu, amma ƙwayoyin gudawa da taifot sun fi idonsa ƙanƙanta. A Bangaladash an gwada ninka tsohon zanen mata sau huɗu ana tace ruwa, kwalara ta ragu da kusan rabi. Rabi fa, ba duka ba. Shi ya sa wasu suka koma ga tukunya. A 1981 wani masani a Gwatamala, Fernando Mazariegos, ya haɗa yumɓu da garin katako ya gasa. Garin ya ƙone ya bar ƙofofi ƙanana ƙwarai, aka shafe tukunyar da ruwan azurfa mai kashe ƙwayoyin cuta. Tana ɗiga lita ɗaya zuwa uku a awa, kuma har a Tamale ta Gana an yi irinta. Matan bakin kogin Nilu a Sudan kuwa tun da daɗewa suke daka 'ya'yan zogale su zuba a ruwa mai laka ya kwanta. Wannan yana gyara ruwa ya yi garau, amma garau ba shi ne lafiya ba.

Ku masu rufin kwano a garuruwan iyaka, ruwan da ya fara sauka yana wanko ƙura da kashin tsuntsaye, ku bar shi ya zube kafin ku tara. Ku rufe randa, ku ware mata moɗa guda. Ku na daji, ku ninka ƙyalle mai tsabta ku tace ruwan tafki, ku riƙe gefe ɗaya a matsayin sama kada ku juya shi, in an gama a wanke a shanya a rana, in ya huje a sake wani. Ruwan yara ƙanana kuwa, bayan tacewa a tafasa shi ko a sa maganin kulorin. In kun ga tsutsa na fita daga jikin mutum ko kare, ku hana shi kusantar ruwa, ku sanar da asibiti mafi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka kuke.

Kakanninmu sun sha wuyar kurkunu, iyayenmu suka kore shi da ƙyalle da naci, kullum, kowace randa. Kada ya dawo a hannunmu.