Agadas, Ƙofar Hamada: Jiya Da Yau

Wannan makon mun leƙa Agadas, garin Abzinawa, inda ayarin raƙuma ya daɗe yana tashi zuwa Bilma ɗauko gishiri.

Baƙo in ya sauka, da hasumiyar babban masallaci yake farawa: ginin ƙasa mai tsayin mita 27, wanda aka gina wajen 1515, aka sabunta a 1844. Daga nan sai fadar Sarkin Abzin, da gidan da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1850. Mai yini ɗaya yakan je Ingal ya dawo. Mai mako guda sai duwatsun Abzin da rairayin Tenere.

A shekarun 1980 Turawa sun yi ta tururuwa, 'yan jagora, direbobi da maƙeran azurfa suka samu abin yi. Tawayen 2007 da sace baƙi a Arlit a 2010 suka kashe kasuwar. Ko da UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihin duniya a 2013, baƙi ba su dawo kamar da ba.

To mu maƙwabta fa, me ya hana mu zuwa? Sai dai a tambayi 'yan gari lafiyar hanya kafin a ɗaura niyya. Allah Ya kawo zaman lafiya.