Yadda Bidiyo Ya Samu Hanya Tsakanin Mac, Windows da Linux

A yau mai tace fim zai zare filashi daga kwamfutar Windows ya soka a Mac, bidiyonsa ya buɗe ba gardama. Sai da aka shafe kusan shekara 30 kafin a kai ga wannan sauƙi, kuma a ganina gasar kasuwa ce ta jawo jinkirin fiye da ƙarancin fasaha.

A ƙarshen 1991 kamfanin Apple ya fito da QuickTime, mai ajiye bidiyo a fayil ɗin MOV. Shekara na zagayowa Microsoft ya mayar da martani da Video for Windows da nasa fayil ɗin, AVI. Kowa na son masu aikin bidiyo su yada zango a gidansa. Rikicin har kotu ya kai: a 1994 Apple ya maka wani kamfani mai suna San Francisco Canyon, wanda ya taya shi kai QuickTime kan Windows, bisa zargin cewa an kwashi aikinsa an zuba a manhajar abokan hamayya. Daga baya ƙarar ta haɗa da Microsoft da Intel. Ƙurar ba ta lafa ba sai 1997, shekarar da Microsoft ya zuba jarin dala miliyan 150 a Apple.

Akwai abin da ke ruɗa mutane har gobe. MOV da AVI ƙwarya ce kawai. Furar da ke ciki ita ce kodek, wato dabarar da aka bi aka matse hoto da sauti. Shi ya sa fayil kan buɗe, murya na fita amma allo baƙi ƙirin. A 1998 hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta ɗauki tsarin QuickTime a matsayin tubalin MP4, sannan a 2003 aka kammala H.264, kodek ɗin da kusan kowace waya da kyamara ke amfani da shi.

Amma waɗanda suka fi cancantar yabo masu aikin sa-kai ne. Fabrice Bellard, ɗan Faransa, ya fara FFmpeg a 2000, manhajar da ke juya bidiyo daga kusan kowane tsari zuwa wani. Ɗaliban École Centrale Paris kuma suka ƙirƙiro VLC mai kunna bidiyo, aka sake shi kyauta a 2001. Ba su tambayi kowa wace babbar manhaja yake hawa ba.

Sai matsalar faifan ajiya, wadda ta fi cin ran masu ɗaukar hoto. Tsarin FAT32 kowace kwamfuta na karanta shi, sai dai ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, abin da kyamara mai kyau ke cikawa cikin mintuna kaɗan. NTFS na Windows kuwa, Mac na iya karantawa amma ba ya rubutu a kai. HFS+ na Apple, Windows ko ganin abin da ke cikinsa ba ya yi. Microsoft ya kawo exFAT, wanda ke karɓar manyan fayiloli, a 2006, Mac ya karɓe shi a 2010, amma haƙƙin mallaka ya hana shi shiga zuciyar Linux har 2019, lokacin da kamfanin ya bayyana ƙa'idojinsa. Shekara 13 ke nan ana jiran abin da tuni yake a hannu.

Tacewa ta fi kwafa wuyar sha'ani. A cikin manhajojin tacewa, Avid ya fara a kan Mac a 1989, haka Premiere a 1991 kafin ya leƙa Windows a 1993, shi kuwa Final Cut Pro bai taɓa barin na'urorin Apple ba. ProRes, kodek ɗin da Apple ya fitar a 2007 domin ƙwararru, sai a ƙarshen 2018 masu Premiere a Windows suka samu damar fitar da aiki da shi. DaVinci Resolve ya rage wahala da yake yana tafiya a kan dukkan ukun. Duk da haka, wanda zai kai aikin da ya fara a wata manhaja zuwa wata dole ya bi ta fayil ɗin musaya na XML ko AAF. Yanke-yanken da ya yi sukan tsallake lafiya, amma gyaran launi da rubutun kan allo galibi sai ya sake su da hannu.