BABI NA UKU: MATSALAR MUHALLI DA ƘUNCIN RAYUWA A GYAƊI-GYAƊI DA TARAUNI, 1982-1996

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda karayar tattalin arzikin Nijeriya ta shafi sha'anin muhalli a unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. An ɗauki shekarar 1982 a matsayin mafari, domin a cikinta ne gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. An tsaya a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Tarauni. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, matsin bai tsaya a kan ɗan haya kaɗai ba, ya haɗa har da mai gida, kuma ya sauya matsayin gida a idon jama'a.

3.1 Bunƙasar Unguwannin Biyu

Asalin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ƙauyuka ne na manoma a wajen badala. Abin da ya jawo su cikin gari shi ne hanyoyin Zariya da Maiduguri, da kuma zaman Kano babban birnin jiha a 1967 ƙarƙashin Audu Baƙo. Sabuwar jiha tana buƙatar ma'aikata, su kuma suna buƙatar wurin zama, alhali cikin birni ya cika da gidajen gado.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 sun ƙara hanzarta wannan sauyi. Ƙarin albashin Udoji ya sanya kuɗi a hannun ma'aikata, masana'antun Bompai da Sharaɗa suna ta ɗaukar leburori, gwamnati kuma ta gina rukunin gidajen Kundila a wannan shiyya. Fari na 1972 zuwa 1974 ya koro mutanen karkara zuwa birni. Ta haka gonaki suka zama fulotai. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, sai aka sami fili iri biyu: fulotin gwamnati mai takardar mallaka, da awon igiya wanda manomi kan yanka ya sayar da shaidar mai unguwa. A wancan zamani ma'aikaci yana iya sa ran cewa albashi da rancen ofis za su kai shi ga gida nasa na kansa.

3.2 Karayar Tattalin Arziki

Wannan fata ya fara dusashewa lokacin da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. Bayan dokar 1982, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rage ma'aikata a 1984, kuma mutane suka shiga layin sayen madara da sukari da sabulu. Fari da ciwon bushiya na 1983 sun cinye amfanin gona da shanu, don haka dangin karkara da ake dogaro da su wajen hatsi su ma suka zama abin taimako.

A watan Yuli na 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, kuma a watan Satumba aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗaɗen waje. A 1985 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. A 1987 sai da kusan naira 4 ake samun dala, a 1993 kuwa ta kai naira 22 a farashin gwamnati. Litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39.5 a 1986, ta kai kwabo 70 a 1991, sannan naira 11 a 1994. A 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari.

Albashi bai bi sahun wannan gudu ba. Mafi ƙarancin albashi naira 125 ne a 1981, wato kimanin dala 200. Da aka ninka shi zuwa naira 250 a 1991, darajarsa ba ta wuce kimanin dala 25 ba. Masana'antun da suke dogaro da kayan waje kuwa sun rage aiki, wasu suka rufe.

3.3 Halin da 'Yan Haya Suka Shiga

Kuɗin haya ya bambanta da kuɗin cefane. Magidanci yana iya rage nama ko ya koma cin garin kwaki, amma ba ya iya rage rabin ɗaki idan wata ya ƙare. Wannan ne ya sa haya ta zama babbar fargabar ma'aikaci. Da yake kuɗi suna rasa daraja kullum, masu gidaje suka fi son a biya su na wata shida ko na shekara gaba ɗaya, ga kuma la'adar dillali a kai.

'Yan haya sun bi hanyoyi daban-daban. Mai ciki da falo ya koma ɗaki ɗaya. Wasu suka mayar da iyali ƙauye, su kuma suka riƙa kwana a shago. Wasu suka matsa gaba zuwa Unguwa Uku da Darmanawa da Hotoro inda haya take da sauƙi, sai dai abin da aka rage a haya kuɗin mota ya cinye. Ma'aikata da dama suka shiga acaɓa bayan tashi daga ofis. Mata kuwa, ta hanyar adashi da sana'ar cikin gida kamar ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da sayar da abinci, sun riƙe gidaje da yawa, ko da yake hakan ya ƙara ɗora wa yara talla.

3.4 Halin da Masu Gidaje Suka Shiga

Kuskure ne a ɗauka cewa duk mai gidan haya attajiri ne. Akwai ɗan fansho da bazawara da marayu waɗanda ɗakunan haya ne kaɗai abincinsu. Irin waɗannan sun shiga tsaka mai wuya: idan sun ƙara kuɗi ɗan haya ya kasa biya, idan sun bari kuɗin ba sa sayen kwano ko buhun siminti na gyara. Ruwan sama mai yawa na watan Agusta 1988, wanda ya fasa madatsar ruwa ta Bagauda, ya rusa gidajen ƙasa masu yawa a Kano a daidai lokacin da gyara ya fi tsada.

Saboda haka sai aka riƙa mayar da zaure shago, ana yanka tsakar gida a ƙara ɗakuna, abin da ya haifar da cunkoso a kan rijiya ɗaya da banɗaki ɗaya. Gine-gine suka tsaya a linta shekara da shekaru. Wanda bashi ya ci ƙarfinsa ya jinginar da gida ko ya sayar. Mai kuɗi kuwa ya gane cewa fili ya fi banki riƙe dukiya, musamman da bankuna suka fara durƙushewa a shekarun 1990. Kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, wanda mazauninsa na dindindin yake kan hanyar Zariya, ya ƙara wa filayen shiyyar daraja. Rikicin haya kuwa galibi a gaban mai unguwa ko limami ake sasanta shi, domin kunya da maƙwabtaka sukan hana zuwa kotu.

3.5 Matakan Gwamnati

Gwamnatin tarayya ta kafa Bankin Al'umma a 1989 domin ba talakawa ƙananan rance, ta fitar da manufar gidaje ta ƙasa a 1991, sannan ta kafa Asusun Gidaje da doka ta 3 ta 1992. Dokar ta wajabta wa mai samun naira 3,000 ko fiye a shekara ya riƙa zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa. Lissafi kaɗai ya isa ya nuna rauninta. Mai albashin naira 250 a wata zai tara naira 75 a shekara, kuɗin da ba su isa sayen litar fetur 7 ba a 1994. Bugu da ƙari, rancen gida yana buƙatar takardar mallaka, wadda mai awon igiya ba shi da ita. Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, waɗanda ba su da takardar albashi, shirin bai kai gare su ba.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suka tashi daga ƙauyuka zuwa unguwannin ma'aikata, da yadda faɗuwar naira ta raba albashi da farashin gida. An kuma nuna cewa ɗan haya da ƙaramin mai gida matsi ɗaya ne ya same su, kuma abin da ya tallafe su shi ne dangi da adashi da sulhun unguwa, fiye da shirye-shiryen hukuma. Ƙaramar Hukumar Tarauni ta gaji wannan cunkoso a 1996, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 220,000. Babi na gaba zai duba yadda aka fuskanci matsalar ruwan sha da magudanai a yankin.