Asusun Haɗin Gwiwa na Jiha da Ƙananan Hukumomi

Asusu ne da sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tanada, domin kuɗin ƙananan hukumomi su biyo ta hannun jiha. Kowane wata kwamitin rabon kuɗin tarayya yakan raba abin da ya shiga baitulmali: kashi 52.68 cikin ɗari ga gwamnatin tarayya, 26.72 ga jihohi, 20.60 ga ƙananan hukumomi 774. An daɗe ana kukan cewa gwamnoni na riƙe wannan kaso, alhali da shi ake biyan malaman firamare da gyara asibitocin karkara.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma a hannun zaɓaɓɓun shugabanni, ban da kantomomin riƙo.