Daga Andaman zuwa Lokoja: Tsare Shugabanni a Zamanin Mulkin Mallaka

A shekarar 1906 Turawan Ingila suka kammala ginin wani babban kurkuku a Fot Biliya, cikin tsibiran Andaman, domin tsare 'yan gwagwarmayar Indiya. Tun kafin gina shi ake kai masu bore can gudun hijirar dole, har da malamai irin su Allama Fadlul Haƙƙ Khairabadi, wanda ya yi fatawar jihadi a boren 1857, ya kuma rasu a tsibiran a 1861. A 1979 Indiya ta mayar da kurkukun wurin tunawa na ƙasa.

Wannan dabara ta raba shugaba da jama'arsa ta hanyar kai shi nesa, ita ce Turawa suka yi amfani da ita a Daular Usmaniyya. Lokoja ba tsibiri ba ce, amma zamanta a mahaɗar Kwara da Binuwai, nesa da ƙasar Hausa, ya sa ta yi aikin tsibiri. Can aka kai Sarkin Kano Aliyu Babba, inda ya rasu a 1926, haka kuma sarakunan Zazzau Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi.

Abin ya shafi ƙasar Gwandu, wadda Jega da Aliero da Maiyama ke cikinta. Bayan boren Satiru na 1906, Turawa sun zargi Sarkin Gwandu Muhammadu da goyon bayan masu boren, suka tuɓe shi suka kai shi Lokoja, aka naɗa Haliru a madadinsa.

Sai dai wajibi ne mai nazari ya bambance tsakanin waɗannan sarakuna. Aliyu Babba bai yi wa Turawa mubaya'a ba; shi kuwa Ɗan Sidi su suka naɗa shi a 1903, daga baya suka tuɓe shi. Kiran su duka 'yan gwagwarmaya ba tare da tantancewa ba ya saɓa wa ƙa'idar tabbatar da labari da malaman hadisi suka gadar mana. Su kuwa talakawan Satiru da aka karkashe a watan Maris na 1906, ba a ma riƙe sunayen mafi yawansu ba.

Don haka haƙƙin da ke kan ɗalibanmu shi ne tattara ruwayoyin dattawan Gwandu, a gwama su da rahotannin Turawa, kafin a rasa masu riƙe da su. Allah Ya jiƙan magabata.