Fijo 504 da Makanikan Zariya

Makalarmu ta wannan makon ta shiga gareji ne.

A 1968 kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa, motar da muke kira Fijo. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa ta a Kakuri, Kaduna. Lokacin tashar jiragen ruwan Legas ta cushe da jiragen siminti, sai aka koma ɗauko kayan haɗin ta sama, daga Liyon zuwa Kano, manyan motoci su kwaso su zuwa Kaduna. Wato Fijo ta sha ratsa Zariya cikin akwatuna tun ba a ɗaura mata taya ba. Da gwamnatin soja ta mayar da ita motar manyan ma'aikata, direbobin haya kuma suka rungume ta, sai ya zama yaron da aka fitar daga cikin ganuwa, ta Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada ko Sabon Gari don koyon kanikanci, a kan injinta yake buɗe ido.

Cikin ayyukan da ake gane hannun yaro ya faɗa akwai cire manifol. Wannan shi ne maƙogwaron inji: kafireto na zaune a kansa yana cakuɗa fetur da iska, shi kuma ya kai cakuɗin ga silinda. Idan gasket ɗin da ke tsakaninsa da kan inji ya ci, iska ta riƙa satar hanya, mota ta ƙi tsayawa a silo, tana kakkarwa tana mutuwa. Gwani da kunne yake kamo wannan tsiyayar.

Aikin ba na ƙarfi ba ne. A bar inji ya huce, a cire kan batir, a sauke tukunyar iska, a zare tiyon mai da wayar totur, sannan kafireto. Notina kuwa ba a kwance ɗaya gaba ɗaya a bar sauran a ɗaure. Kaɗan-kaɗan ake sassauta su bi da bi, don alminiyum na iya lanƙwasa ko ya tsage. Da manifol ya fita, sai a toshe ramukan da tsumma. Wasa ɗaya da ƙaramin noti, ya gangara ciki, fistin ya tauna shi, an jawo wa mai mota sauke inji. A ganina nan ne ainihin karatun yake, kuma ba a allo aka yi shi ba, a bakin maigida ne, wani lokaci har da ranƙwashi.

Daga 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sabon kaya ya gagari direba. Makanikai suka koma yanka gasket da hannu daga takarda mai kauri, ana tafiya Panteka a Kaduna neman tsohon manifol mai sauran rai. Sai ga motocin Kwatano sun cika gari, masu injekta da kwamfuta, waɗansu ma manifol ɗinsu na roba ne. Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har wajen 2006, shekaru sama da ashirin bayan Faransa ta daina.

Ku dubi kalmomin nan: kafireto, totur, silo, lagireto. Ba wani kwamitin fassara da ya zauna a kansu, bakin makanikai ne ya murza Turanci har ya zauna daram a Hausa. Amma a littattafanmu, da motar jarumi ta lalace sai a ce "aka kira bakanike ya gyara", a wuce. Waɗanda suka koyi aikin a shekarun 1970 yanzu sun haura sittin, yaransu kuma na'urar gano matsala suke fara jonawa kafin su ɗauki sifana.